Yadda ake canja kalifar birki a tsohon babur, da abin da za ka auna kafin ka sayo wata

Tsohon babur indai mai faifan birki ne a gaba, akwai ranar da za ka matsa hannun birki ka ji shi ƙam kamar katako ka matsa amma mashin bai tsaya yadda kake so ba, ko kuma ka saki birki taya ta ƙi sakewa, kana tura mashin kana jin kamar wani ya riƙe shi ta baya. To a nan ne yawanci mutum zai ce kalifa ta mutu bari in sayo wata, wani ma ya ce bari in ɗauko ta sabon mashin mai fistin huɗu in ɗaura in huta. Duka ana yi, ni ma na yi, amma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne ba kalifa kaɗai ke tsayar da babur ba. Ita da masta da tiyo da faifai da fad aiki ɗaya suke yi, in ɗaya bai dace da sauran ba ka zubar da kuɗinka kuma ka saka ranka a haɗari.

Ga wanda bai saba ba, kalifa ita ce ƙarfen nan da ya rungumi faifai a jikin taya, cikinta akwai fistin, in ka matsa hannun birki masta, wato ɗan famfon da ke jikin hannun birki, ta turo mai ta cikin tiyo, man ya tura fistin, fistin ya danna fad a jikin faifai. Iri biyu ce. Akwai mai zamewa, wadda fistin ɗinta a gefe ɗaya yake, jikinta ne ke zamewa a kan fin guda biyu ko ya juya a kan wani hannu don ya jawo fad ɗin ɗaya gefen. Akwai kuma mai fistin hagu da dama, ita ba ta motsi, a ɗaure take ƙam. Tun da Honda ta fito da CB750 a 1969 birkin faifai ya fara yawa a babura, kuma mashinan shekarun 1970 masu faifai da yawa mai fistin ɗaya ce a jikinsu, shi ya sa in ka hau su bayan ka saba da na yanzu za ka ji birkin kamar ba shi da rai.

Kafin ka kwance komai ka tabbatar laifin kalifar ne, wannan gwajin minti biyar ne kuma ya sha hana mutane sayen abin da ba sa buƙata. Ɗaga tayar gaba ta bar ƙasa, ka juya ta da hannu, ka matsa birki da ƙarfi sau uku huɗu, ka saki ka sake juyawa. In ta riƙe, ɗauko sifana ka ɗan buɗe kan cire iska na jikin kalifa, wato ɗan ƙaramin bol mai rami da ake fitar da iska ta cikinsa, kaɗan kawai. In mai ya yi tsartuwa taya ta sake nan take, to kalifarka lafiyarta ƙalau, matsalar tana sama. Ko dai ɗan ƙaramin ramin nan na cikin kofin masta da mai ke komawa ta cikinsa ya toshe da datti, ramin kamar bakin allura yake, ko kuma tiyo ya ruɓe ta ciki yana barin mai ya tafi amma ba ya barin shi ya dawo. In kuwa ka buɗe taya na nan a riƙe, yauwa, fistin ne ya kafe ko fin ɗin zamewa ya yi tsatsa.

Ko a hakan ma ba lallai sai an canja ta ba. Mutane da yawa suna leƙa cikin ramin kalifa su ga ya ɗan yi duhu su ce ta lalace, alhali mai ba a jikin bangon ramin yake tsayawa ba, tsakanin sil, wato zoben robar da ke zagaye da fistin, da jikin fistin ne. Indai kwarin da sil ke zama bai cinye ba, ka kankare farin gishirin nan da ke taruwa a ƙarƙashin sil (shi ne ma yake matse fistin ya hana shi komawa), ka sa sabon sil da sabon fistin in tsohon ya yi ramuka, shikenan ta dawo. Inda zan ce ka canja ba tare da dogon tunani ba shi ne in jikinta ya tsage, ko tiredin da bol ɗin tiyo ke shiga ya cinye, ko kan cire iska ya karye a ciki an yi ta fama an ɓata ramin, ko kwarin sil ya ci har mai na bi ta baya. Kuma dan Allah kar a yi wa kalifa walda.

In irin tata sak za ka mayar aikin da sauƙi, ka dai duba ta hagu ce ko ta dama, don in ka juya su kan cire iska zai koma ƙasa, iska kuma sama take hawa, za ka kwana kana famfo birki bai kama ba. In kuma ta hannu ka samo, kar ka ɗaura ta yadda ta zo, ka buɗe ta ka sa sabon sil, ba ka san shekara nawa ta yi a ajiye ba.

Mai son ƙarin ƙarfi shi ne zai zauna da ma'auni da biro, kuma nan ne zan daɗe don nan ake yin kuskure. Abu na farko tazarar ramukan bol biyu na ƙafar shoka, daga tsakiya zuwa tsakiya. Kamfanoni irin su Nissin da Tokico da Brembo kowanne yana da tazara kala-kala, Brembo alal misali akwai mai milimita 40 akwai mai 65, su kuma na zamani da bol ɗinsu ke shiga ta baya ya nufi tsakiyar taya, masu 100 da 108, ba don ƙafar tsohon babur aka yi su ba, in ba kana da dalili mai ƙarfi ba ka ƙyale su. Da wuya ka samu wadda ta faɗa daidai, kusan kullum sai an yi biraket. Biraket ɗin a yi shi da alminiyam mai kyau irin 6061 ko 7075, mai kauri, a sassaƙa shi daga dunƙule ɗaya a injin, ko kuma ƙarfe mai kauri, bol ɗin kuma su zama masu lamba 8.8 ko 10.9 a ka. Na taɓa ganin mashin da aka haɗa wa biraket da guntayen falanki biyu aka yi walda, da aka matsa birki kana ganin kalifar tana lanƙwasawa da idonka, gaskiya hankalina ya tashi, don duk nauyin mashin da na mutum a kan wannan ɗan ƙarfen yake sauka lokacin tsayawa.

Abu na biyu faifai. Ka auna faɗinsa da kaurinsa da faɗin hanyar da fad ke bi. Tsofaffin faifai da yawa suna da kauri, wasu har wajen milimita 7, su kuma kalifofin baya-bayan nan an yi su ne don faifai mai 4 zuwa 5, kaga kenan in ka sa sabon fad ba za ta ma shiga ba. Kuma fad ɗin na yanzu siriri ne dogo, na da kuwa zagayayye ne ko mai faɗi, dole fad ya kwanta gaba ɗaya a kan hanyarsa, kar leɓensa ya wuce bakin faifai kuma kar ya gangara kan ƙafafun faifan. Ka duba jikin faifan akwai inda aka buga mafi ƙarancin kauri, in ya ci ya wuce nan ko ya karkace har kana jin hannun birki na bugawa, canja kalifa ba zai gyara komai ba.

Na uku, wanda ake mantawa, wili mai waya. Kalifa mai fistin hagu da dama tana da ƙaton ciki ta ɓangaren taya, wayoyin wili kuma a karkace suke fitowa daga tsakiya, sau da yawa sai su taɓa bayanta. Ka auna daga fuskar faifai ta ciki zuwa waya a daidai inda kalifar za ta zauna, ka bar sarari na aƙalla milimita 2 ko 3 don taya tana ɗan lanƙwasa a kwana. In babu wuri, mai zamewa mai fistin biyu a gefe ɗaya ta fi maka, kuma ni a tsohon mashin ita na fi so, tana ba da ƙarfi sosai fiye da mai fistin ɗaya ba tare da wahalar wuri ba. Kar ka goge bayan kalifa da giranda wai don ta shiga, bayan wannan bangon mai ne ke matse.

Sai kuma maganar masta, wadda ita ce sirrin abin. Ƙarfin birki yana fitowa ne daga yadda girman fistin ɗin kalifa ya ninka na masta. Lissafin ba wuya, rabin faɗin fistin sau kansa sau 3.14. Fistin mai milimita 38 zai ba ka wajen 1134, in kalifa mai zamewa ce ka ninka biyu don jikinta ma yana ja, ya zama 2268. Masta mai 14 kuma 154 ce. In ka raba za ka samu kusan 15, to wannan shi ne birkin katakon nan, hannu ƙam amma sai ka sa yatsu huɗu. Ka ɗauko mai fistin huɗu masu 30, kowanne 707, jimla 2828, da masta mai 14 ɗin nan 18 kawai za ka samu, ƙarin bai kai yadda ka zata ba. Amma ka sa mata masta mai 12.7, wato rabin inci, wadda take 127, sai ka koma 22, da mai 11 kuma kusan 30. Abin da ke ruɗa mutane kenan, ƙaramar masta ce ke ƙara ƙarfi ba babba ba, sai dai hannun zai yi tafiya mai tsawo kafin ya kama. Ni tsakanin 22 zuwa 27 na fi jin daɗinsa, in ya haura 30 hannun yakan yi laushi har ya kusa taɓa hannun mashin, wannan kuma ba abin wasa ba ne. Girman masta a rubuce yake a jikinta ta ƙasa ko ta gefe, za ka ga 14 ko 1/2 ko 5/8. Haka in faifai ɗaya ne ka ƙara na biyu, lissafin ya ninka, dole masta ta girma.

Bol ɗin tiyo ma ka duba shi, bol ɗin nan mai rami a ciki. Mashinan Japan yawanci M10 ne mai tiredi 1.25, Brembo da wasu na Turai 1.0 ne. Da ido kamar ɗaya suke, zai ma shiga juyi ɗaya ko biyu, in ka tilasta shi ka kashe kalifar tun ba ta yi aiki ba.

To yanzu aikin kansa. Ka tanadi sifanoni masu zobe da alanki, sifanar awon ɗauri, sukundireba mai kan da ya dace, siririn tiyo fari wanda ake ganin ciki, kwalba, sirinji, tsumma mai yawa, ruwan wanke birki na fesawa, sabbin washa na jan ƙarfe, sabon fad, da sabon man birki wanda ba a taɓa buɗewa ba. Irin man a rubuce yake a murfin masta, DOT 3 ko DOT 4. Su biyun da DOT 5.1 dangi ne suna haɗuwa, amma DOT 5 na silikon ne, daban yake, kar ka kuskura ka gauraya. Man nan yana shan ruwa daga iska, sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa amma in ya sha ruwa zai iya saukowa wajen 155, shi ya sa ake canja shi duk shekara 2. Yana kuma cin fenti, ka rufe tanki da madigadi da tsumma, ka ajiye ruwa kusa, in ya ɗiga ka wanke nan take.

Kafe mashin ya tsaya da kyau. Tun kalifar tana ɗaure a jikin shoka ka sassauta komai, fin ɗin fad, bol ɗin tiyo, kan cire iska, don in ta fita tana lilo a hannunka ba za ka samu ƙarfin kwance su ba. In kana da niyyar gyara tsohuwar ka ajiye, ka ɗan sake matse bol ɗin tiyo da kan cire iska kar mai ya yi yoyo, cire ta daga faifai tiyo na haɗe, ka cire fad, ka yi ta famfo da hannun birki har fistin ya kusa fitowa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ka zo kana ja da filaya kana ƙarje shi. Bayan nan ka zuƙe tsohon mai daga kofin masta da sirinji. Sukurorin murfin nan laushi gare su kuma kan na Japan ya ɗan bambanta da na sukundireba na gama-gari, ka danna sosai kafin ka juya. Kwance bol ɗin tiyo, bakin tiyon ka sa shi a leda ko kwalba, sai ka cire bol biyun kalifa ta fito.

Tunda an zo nan ka dubi tiyon da kyau. Na roba masu mashin da yawa cewa suke a canja shi duk shekara 4, amma za ka tarar da mashin mai shekara 30 da tiyon da ya fito da shi daga kamfani. Irin wannan in ka matsa birki kumbura yake, ƙarfin hannunka yana tafiya a banza. Ka sa mai saƙar waya, bambancin za ka ji shi tun a matsawar farko. Tsawonsa kuma a auna shi taya na sama shoka ta miƙe gaba ɗaya, ka juya kan mashin hagu da dama har ƙarshe, kar ya ɗame, kar ya goga taya ko shoka.

Wanke faifai fes da ruwan wanke birki, in tsohon fad ya bar masa ƙyalli ka ɗan bi shi da samfefa mai laushi. Fin ɗin zamewa ka shafa masa giris na silikon ko jan giris ɗin roba, giris ɗin bayarin na yau da kullum kumbura robar birki yake, fetur da kananzir ma haka, kar su kusanci sil. Tura fistin ciki da yatsa, sa fad da sifirin ɗinsu yadda suke, ɗora kalifar a faifai, ka fara ɗaura bol da hannu tukuna. In mai fistin hagu da dama ce ka leƙa ta sama ka ga faifai ya zauna a tsakiyarta daidai, in ya karkata gefe ɗaya a gyara da siraran washa masu kauri ɗaya a bol biyun ko a rage biraket. Sannan ka ɗaure da awon da littafin mashin ɗinka ya faɗa, ka ɗiga maganin kulle tiredi mai shuɗi. Bol ɗin tiyo washa biyu yake ci, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sababbi, tsohuwa ta riga ta matse ba za ta sake rufewa ba. Shi ɗaurinsa a yawancin mashina tsakanin 25 ne zuwa 35 a ma'aunin Nm, kan cire iska kuwa wajen 6 ne kacal, ɗan matsewa, shi ya sa yake yawan karyewa a hannun masu ƙarfi.

Cire iska haƙuri yake so. Cika kofin masta, sa farin tiyo a kan cire iska ɗaya bakin a kwalba mai ɗan mai a ciki. Matsa hannu a hankali ka riƙe, buɗe kan kaɗan, hannu zai tafi, rufe tukuna sannan ka saki. Haka za ka yi ta yi, kana lura kar kofin ya ƙafe don in ya sha iska ka koma farko. In tiyo sabo ne babu komai a ciki masta takan ƙi kamawa sam, a nan sirinji ke ceto, cika shi da mai ka tura ta kan cire iska daga ƙasa zuwa sama a hankali har mai ya bayyana a kofi, ai iska dama sama take son zuwa. Ka riƙa ɗan bubbuga kalifa da tiyo da bayan sukundireba, ka juya kan mashin yadda masta za ta zama ita ce mafi tsayi, ka ɗan riƙa taɓa hannun birki kaɗan-kaɗan za ka ga ƙananan kumfa na fitowa ta ramin kofi. In har yanzu da laushi, iska na maƙalewa a bol ɗin tiyo na sama, naɗe shi da tsumma, matsa hannu, sassauta shi kaɗan ka ɗaure. Wasu suna ɗaure hannun birki su bar shi ya kwana, yana taimakawa, amma in da safe ya yi ƙarfi zuwa yamma ya koma laushi to iska na nan ba ta fita ba.

Kar ka cika kofi har baki, ka tsaya a layin sama, mai in ya yi zafi yana buƙatar wurin faɗaɗa in ba haka ba birki zai kama kansa a hanya. Rufe, wanke ko'ina, sai ka matsa hannu da duk ƙarfinka na rabin minti kana bin kowace mahaɗa da busasshen yatsa. In hannun yana nutsewa a hankali akwai inda ke yoyo ko sil ɗin masta ya gaji, kar ka hau. Juya taya, ɗan gogar fad kaɗan ba komai, amma ta juya da kanta. Ka duba wutar birki na kamawa, musamman in ka canja masta.

Fita ta farko a wuri marar cunkoso, ka fara gwadawa kana tura mashin da ƙafa. Sabon fad bai zauna ba tukuna, ka yi gudu kamar kilomita 50 ka rage zuwa 10 da matsakaicin matsi ba tare da ka tsaya cak ba, sau 15 zuwa 20, kana barin tazara ya huce, kuma kilomita 150 na farko ka guji birkin gaggawa in ba dole ba. Ka tuna mashin ɗin nan ba shi da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa lokacin birki, hannunka ya saba damƙar tsohon birki da yatsu huɗu, yanzu wannan damƙar za ta iya kulle taya, balle in tayar ta tsufa ta bushe. Duba lamba huɗun nan ta gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ta daɗe canja ta yana cikin aikin. Tsohuwar shoka ma za ta riƙa nutsewa fiye da da, in man cikinta ya mutu ka canja, in kan mashin na ƙwanƙwasa lokacin birki ka duba bayarin ɗin wuya.

In ka dawo, kawo bayan hannunka kusa da faifai ba tare da ka taɓa ba. Bayan tafiyar da ba ka yi birki sosai ba ɗumi kawai ya kamata ka ji, in yana huci kamar murhu to birki na riƙewa, ka koma kan ramin masta da fin. Sake bin bol ɗin kalifa da na biraket da sifanar awo, ka sa musu ɗigon fenti daga kan bol zuwa jikin ƙarfe yadda in ɗaya ya motsa za ka gani da ido, sannan ka sake leƙa mahaɗun tiyo da matakin mai bayan kwana biyu ko uku.